Ladi Kwali: Maginiyar Tukwane Da Ta Kai Yumɓun Gbagyi Gidajen Tarihi Na Duniya

A bayan takardar kuɗi ta Naira 20 akwai hoton wata mace da ta duƙufa a kan tukunya, hannuwanta biyu cikin yumɓu, an kuma rubuta sunanta a wurin: Ladi Kwali. Tun daga shekarar 2007 da Babban Bankin Nijeriya ya fitar da wannan takarda, ta ratsa hannun masu shayi da kwandastocin mota da 'yan talla ba adadi, kuma kaɗan ne daga cikinsu suka taɓa tsayawa su tambayi ko wace ce. Ita ce mace ɗaya tilo da aka ambaci sunanta a jikin kuɗin ƙasar nan. Ba ta yi mulki ba, ba ta yi siyasa ba, ba ta kuma zauna a ajin makarantar boko ba. Abin da ta yi, tun tana yarinya har ƙarshen rayuwarta, shi ne ginin tukwane da yi musu zane.

An haife ta wajajen shekarar 1925 a Kwali, cikin ƙasar Gbagyi, waɗanda Hausawa suka fi sani da Gwari. A yau Kwali tana cikin ƙananan hukumomi shida na Babban Birnin Tarayya, a kan hanyar da ta tashi daga Abuja zuwa Lokoja, amma a zamanin ƙuruciyarta ƙauye ne na manoma. Sunan Ladi, kamar yadda kowane Bahaushe ya sani, na macen da aka haifa ranar Lahadi ne. A ƙasar Gbagyi ginin tukwane sana'ar mata ce, saɓanin wasu sassa na ƙasar Hausa inda maza ma kan yi ta. Yarinya kan tashi ta tarar da manyan matan gidansu suna yi, ta fara da ɗebo ruwa da tara itace, daga nan a ba ta ɗan curin yumɓu ta yi wasa da shi, har wasan ya zama aiki. Ladi ta koya ne a hannun wata 'yar'uwar iyayenta.

Aikin Yini Guda

Wanda bai taɓa ganin maginiyar Gbagyi tana aiki ba zai iya zaton cewa ginin tukunya yana farawa ne sa'ad da aka ɗora hannu a kan yumɓu. Yana farawa tun kwanaki kafin nan. Sai an je an haƙo yumɓun a inda aka san yana da kyau, an ɗauko shi a kawo gida, an shanya, an daka, an tsince tsakuwa da saiwoyi, an jiƙa, sannan a cuɗa shi har ya yi laushi iri ɗaya tun daga waje har ciki. Tsakuwa guda da aka bari, ko iskar da ta maƙale a cikin curi, ta isa ta fasa randa a cikin wuta bayan an gama wahalar gina ta. Saboda haka mafi yawan lokacin maginiya yana tafiya ne a kan aikin da ba mai ganinsa a jikin tukunya idan ta fito.

Ginin kansa yana da tsari na daban. Maginiya kan ajiye curin yumɓu a kan wani abu mai ɗan tudu, ta nutsa dunƙulen hannunta a tsakiyarsa ta yi rami, sa'an nan ta fara jan bangon sama da yatsunta, hannu ɗaya a ciki ɗaya a waje. Tukunyar ba ta motsi. Maginiyar ce ke kewaya ta, a sunkuye, tana tafiya da baya a hankali, tana jan yumɓun yayin da take zagayen. Idan curin farko ya ƙare, sai ta murza wani yumɓun ya yi tsawo kamar igiya mai kauri, ta ɗora a bakin ginin, ta shafe shi ya haɗe da na ƙasa har a rasa gane mahaɗarsu. Haka za ta yi ta ƙarawa, cikin randar yana buɗewa, ya kai iyakar faɗinsa, ya fara tsukewa zuwa kafaɗa, daga kafaɗa zuwa wuya. A ƙarshe ta sa jiƙaƙƙen ƙyalle ko ganye ta kama bakin, ta yi zagaye ɗaya ko biyu da sauri, baki ya fito sumul.

Babu ma'auni a wannan aiki, babu inji. Abin da ke sa randa ta fito daidai wa daida ta kowane gefe shi ne daidaiton takun maginiya da nauyin hannunta: idan ta ƙara sauri a wani gefe ko ta danna fiye da kima, randar za ta karkace, kuma karkacewar za ta bi ta har cikin wuta. A nan ne Ladi ta yi fice tun tana budurwa. Randunanta suna da girma, bangonsu bai cika kauri ba, kuma duk ta inda aka dube su sai a ga sun zauna cif. Labarinta ya kai kasuwannin yankin tun kafin wani Bature ya ji sunanta.

Bayan gini sai zane, kuma zane yana da lokacinsa. Idan yumɓu yana da ruwa da yawa, tsagar da aka yi za ta rufe ko ta yi kaca-kaca. Idan ya bushe, zai farfashe a bakin wuƙa. Sai an jira ya sha iska a inuwa, ya yi tauri kamar jemammiyar fata, yana da sauran danshi. A wannan ɗan tsakanin ne maginiya za ta yi duk abin da za ta yi. Ladi takan fara da murza ɗan guntun igiya mai tufka, ko ɗan itace mai tsage-tsage, a kewayen wuya da kafaɗar randa, ya bar sawu jere kamar saƙa. Sa'an nan ta raba cikin randar gida-gida da layuka masu saukowa daga sama zuwa ƙasa. A cikin kowane gida sai ta ɗauki wata 'yar siririyar wuƙa ta reshen gwangwala ta zana dabba: ƙadangare, ko kunama, ko kada, ko hawainiya, ko maciji, ko kifi, ko tsuntsu.

Dabbobin nata ba hoton dabba ba ne irin wanda ake kwafa daga littafi. Takan ɗauki abin da ke sa a gane halittar da kallo ɗaya, wato buɗaɗɗun ƙafafun ƙadangare a jikin bango, ko lanƙwasar jelar kunama, ko nannaɗewar wutsiyar hawainiya, ta fitar da shi da 'yan layuka kaɗan, sannan ta cika jikin dabbar da ƙananan tsage masu gicciye juna. Abin lura shi ne, ba a kan shimfiɗaɗɗiyar takarda take wannan zane ba. Jikin randa a kumbure yake, yana faɗaɗa a tsakiya yana tsukewa sama da ƙasa, don haka dole kadan da aka zana ya buɗe inda randar ta buɗe, ya matse inda ta matse, in ba haka ba zai zama kamar an liƙa shi ne daga waje. Ga shi kuma babu gogewa. Layin da wuƙa ta tsaga ya tsagu ke nan. Mai zane da fensir yana da damar ya sake tunani sau goma. Mai zane a jikin ɗanyen yumɓu sai dai ya gama tunaninsa kafin hannu ya sauka.

Ƙona tukwane a gargajiyance a fili ake yi. A jera su bayan sun bushe sarai, a lulluɓe da itace da busasshiyar ciyawa, a cinna wuta, cikin ɗan lokaci kaɗan an gama. Tun suna da zafi ake yayyafa musu ruwan makuba, wanda ake samu daga ɓawon ɗorawa, irin wanda magina ke amfani da shi a daɓe da bango. Makubar kan ba tukunya duhu da ƙyalli, ta kuma ƙara mata ƙarko. Tukunyar da ta fito daga irin wannan wuta tana da ƙananan kafofi da ido ba ya gani. Ta cikinsu ne ruwa ke tsattsafowa a hankali, iska ta busar da shi, abin da ke ciki ya yi sanyi. Wannan shi ne sirrin ruwan randa, kuma yana da muhimmanci a labarin Ladi Kwali, domin shi ne abin da randunanta suka rasa a ranar da suka sami ɗaukaka.

Gidan Sarkin Abuja

Abujar da ake magana a kai a nan ita ce ta asali, garin da yau ake kira Suleja a Jihar Neja, wanda zuriyar sarakunan Zazzau na Haɓe suka kafa a farkon ƙarni na 19 bayan jihadi. Sarkin Abuja na wancan lokaci, Alhaji Sulaimanu Barau, wanda ya hau gadon sarauta a 1944, mutum ne mai ilimin zamani da kuma ido a kan aikin hannun talakawansa. Ya tara tukwane masu kyau a gidansa, kuma a cikinsu akwai na Ladi.

A shekarar 1950 wani Baturen Ingila mai suna Michael Cardew ya zo Nijeriya a ƙarƙashin ma'aikatar ciniki da masana'antu ta gwamnatin mulkin mallaka, aka ɗora masa aikin binciken sana'ar ginin tukwane a ƙasar. Cardew ba jami'in ofis ba ne da aka tura aikin da bai sani ba. Maginin tukwane ne da ya koya a wurin Bernard Leach, ya yi suna a ƙasarsa, ya kuma yi shekaru yana fama da yumɓu da wuta a ƙasar Gana, wadda a lokacin ake kira Gwalkwas. Ya zagaya Nijeriya yana duba tukwanen kowane yanki, kuma abin da ya gani ya kai shi ga ra'ayin da ba kasafai ake jin irinsa daga bakin ma'aikacin mulkin mallaka ba: cewa tukwanen gargajiya na mata ba sa bukatar gyara, domin sun dace da girkin murhu da ajiyar ruwa fiye da duk abin da za a kawo daga Turai. Abin da ya ba da shawara shi ne a kafa wata sana'a dabam a gefe, ta yin kwanuka da kofuna da butocin shayi irin na tangaran, don sababbin ma'aikata da 'yan boko da salon cin abincinsu ke sauyawa.

A gidan Sarki Sulaimanu Barau ne ya fara ganin aikin Ladi, kuma Abuja ya zaɓa don kafa cibiyar koyar da ginin tukwane, saboda akwai itace da ruwa da yumɓu a kusa, ga kuma sarki mai goyon baya. Cibiyar ta fara aiki a 1952. Maza aka ɗauka, daga ƙabilu dabam-dabam, kuma Hausa ce harshen da ya haɗa su a wurin aiki. Cardew kansa sai da ya koye ta. A 1954 Ladi Kwali ta shiga cibiyar, ta zama mace ta farko a cikinta.

A rubuce, ɗaliba ce da ta zo koyo. Amma mace ce mai kimanin shekara talatin wadda ta riga ta ƙware a sana'arta fiye da duk wanda ke wurin, har da shugaban cibiyar, a fannin ginin hannu. Duk da haka ba ta raina sabon ilimin ba. Ta zauna a kan keken gini, wanda a kansa yumɓu ne ke juyawa maginin yana zaune wuri ɗaya, wato kishiyar abin da jikinta ya saba da shi tun tana ƙarama. Ta iya shi har ta riƙa fitar da kwanuka da farantai da kofuna da tukwanen miya masu murfi. A kan irin waɗannan ƙananan kaya ta ɗauki wata dabarar zane: a tsoma kwano cikin ruwan farar ƙasa ko jar ƙasa, idan ya sha iska sai ta sa ƙayar beguwa ta kankare zanen, launin yumɓun da ke ƙasa ya bayyana. Ƙadangarun Kwali suka koma cikin farantin cin abinci. A gindin kayan akan buga hatimi biyu, ɗaya mai haruffan sunanta, LK, ɗaya kuma mai sunan Abuja da rubutun ajami.

Randar Da Ta Daina Sanyaya Ruwa

Abin da ya ɗaukaka sunanta, duk da haka, ba aikin keke ba ne. Manyan randunan nan ne da ta ci gaba da ginawa da hannu, tana zagayawa da baya kamar yadda ta koya a Kwali, amma yanzu da yumɓun cibiyar, wanda aka haɗa shi don ya jure wuta mai tsanani. Bayan ta gama zane, sai a cika tsagogin da farar ƙasa mai laushi, a kankare abin da ya yi saura a sama, farin ya zauna a cikin layuka kaɗai. Daga nan a shafe randar da wani ruwan haɗi na garin duwatsu, wanda idan ya ji wuta yake narkewa ya zama kamar gilashi. Sai a shigar da ita tanderu mai cin itace, a yi ta ba shi wuta har zafinsa ya haura digiri 1,200, nesa ƙwarai da abin da wutar ciyawa ke iya kaiwa. Abin da ke fitowa randa ce mai duhun kore ko baƙi-baƙi, mai sheƙi, fararen dabbobi suna leƙowa ta ƙarƙashin ƙyallin kamar ana hango su a cikin ruwa.

Wannan haɗi bai taɓa faruwa ba kafin lokacin, kuma babu ɗayansu da zai iya yin sa shi kaɗai. Cardew ya san duwatsu da wuta, amma ba zai iya gina randar Gbagyi ba. Ladi ta san siffa da zane, amma ba ta da tanderu. Sai dai kuma haɗin ya zo da farashinsa. Wuta mai tsanani takan toshe kafofin nan na yumɓu, shafen gilashin kuma ya ƙarasa rufe su, don haka ruwa ba ya tsattsafowa, ba ya kuma yin sanyi. Randar ta yi nauyin da mace ba za ta so ɗaukarta zuwa rafi ba, kuɗinta kuma ya fi ƙarfin gidan da aka ƙirƙiri siffarta dominsa. Ta riƙe kamannin randa, ta bar aikin randa. Daga lungun ɗakin uwargida ta koma kan teburi a zauren baje koli, inda ake kewaya ta ana kallo, ba a taɓawa.

Masana sun daɗe suna muhawara a kan wannan. Wasu na ganin an ɗauke fasahar matan karkara ne aka mai da ita abin ado don masu kuɗi na ƙasashen waje. Wasu kuma na cewa ba don wannan sauyi ba, da aikin Ladi ya bi sawun na dubban mata da suka gabace ta, waɗanda tukwanensu suka yi aiki suka fashe, aka zubar da tsingaron a bayan gida, babu wanda ya san sunan mai ginin. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Amma akwai abin da masu muhawarar kan tsallake: ita Ladi ba kayan aiki ba ce a hannun wani. Ta ga sabuwar wuta, ta gwada zanenta a cikinta, ta ga yadda farar ƙasa ke fito da layi, ta daidaita hannunta da hakan, ta kuma ci gaba da yi shekara da shekaru bayan Cardew ya bar Abuja a 1965 ya miƙa ragamar cibiyar ga Michael O'Brien. Mutumin da aka tilasta wa hanya ba ya daɗewa a kanta haka, kuma ba ya ƙara gwanancewa.

Shi ma burin da aka kafa cibiyar dominsa bai cika yadda aka tsara ba. Kwanukan tangaran na Abuja ba su iya gasa da kwanon sha da langa da tasoshin ƙarfe masu araha da suka cika kasuwanni ba, balle robar da ta biyo baya. Mafi yawan masu sayen kayan cibiyar Turawa ne mazauna ƙasar da manyan ma'aikata. An kafa wurin don horar da maza a kan keken gini na zamani, sai ga shi abin da duniya ta san shi da shi aikin hannun mace ne a kan tsarin kakanninta.

London Da Bayanta

An nuna kayan Abuja a zauren Berkeley Galleries da ke London a shekarun 1958 da 1959 da 1962, kuma randunan Ladi ne suka fi jan hankalin masu kallo da masu saye. An kuma baje aikinta a bukukuwan samun 'yancin kan Nijeriya a 1960. A farkon shekarun 1960 ta je Ingila da kanta, ta yi gini a gaban ɗalibai da malamai a makarantun fasaha, ciki har da Royal College of Art da makarantar Farnham, da kuma wurin aikin Cardew a Wenford Bridge. Ta kuma je Faransa da Jamus. A 1972 ta zagaya Amurka tare da Cardew da Kofi Athey, maginin tukwane ɗan ƙasar Gana da ya daɗe yana aiki a Abuja.

A duk waɗannan wurare abu ɗaya take yi, wanda take yi kowace safiya a gida. A kawo mata yumɓu, ta cuɗa, ta nutsa hannu, ta fara zagaye. Mutanen da suka yi shekaru suna karanta ilimin yumɓu a jami'a, waɗanda suka ɗauka cewa ba a samun tukunya mai daidaito sai da keke, suka zauna suna kallon randa tana tashi daga ƙasa a hannun matar da ba ta jin harshensu. Ba ta bukaci tafinta a wannan ɓangare ba.

Shigarta cibiyar ta buɗe ƙofa ga wasu mata. Halima Audu ta biyo bayanta, gwana ce ita ma, sai dai ba ta yi tsawon rai ba. Daga baya aka sami Asibi Ido da Lami Toto da Kande Ushafa, kowacce da irin hannunta. Ya kamata a riƙa ambaton waɗannan sunaye, domin yawan hasken da aka haska wa Ladi ya sa wasu na zaton ita kaɗai ce, alhali ta fito ne daga cikin al'umma mai cike da maginan da suka san aikinsu. Abin da ya bambanta ta shi ne ƙarfin zanenta da kuma yadda ta riƙe inganci ɗaya a tsawon shekaru. A 1974 wata matashiya 'yar ƙasar Kenya mai karatu a Ingila, Magdalene Odundo, ta zo Abuja ta koyi ginin hannu a wurin Ladi da abokan aikinta. Odundo ta zama ɗaya daga cikin mashahuran masu aikin yumɓu na duniya, kuma ba ta ɓoye inda ta samo tushen ba.

Lambobin girma sun zo ɗaya bayan ɗaya. Gwamnatin Birtaniya ta ba ta lambar MBE a farkon shekarun 1960. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta, abin da ya sa ake kiranta Dakta Ladi Kwali. A 1980 ta sami lambar NNOM, wadda ita ce mafi girma da Nijeriya ke bayarwa don fice a fagen ilimi da fasaha, kuma galibi furofesoshi ne ke samunta. A 1981 aka ƙara mata da lambar OON. Jami'ar da ta karrama ta tana da sashen koyar da zane da sassaƙa da ginin yumɓu wanda ya yi suna a faɗin Afirka, don haka waɗanda suka sa mata rigar dakta sun san abin da suke girmamawa.

Duk wannan bai raba ta da wurin aikinta ba. Ta ga an ƙirƙiri Babban Birnin Tarayya a 1976, an ɗauke sunan Abuja an ba sabon birni, tsohon garin ya koma Suleja don tunawa da sarkin da ya fara tara tukwanenta, ƙauyen haihuwarta kuma ya faɗa cikin sabon yankin. Cardew ya rasu a Ingila a 1983. Ita kuma ta rasu a Minna ranar 12 ga Agusta, 1984.

An sa wa cibiyar Suleja sunanta. Akwai titi mai sunanta a Abuja, haka kuma babban ɗakin taro na otal ɗin da aka daɗe ana kira Sheraton, inda ake gudanar da tarukan gwamnati da na 'yan kasuwa. A watan Maris na 2022 kamfanin Google ya sa zanen hotonta a shafinsa na farko, kuma a wannan shekarar aka yi wani baje koli a Two Temple Place da ke London, wanda ya fara da randunanta ya bi sawun tasirinta a kan mata baƙaƙen fata masu aikin yumɓu har zuwa yau. Randunan da kansu suna ajiye a gidan tarihi na Victoria da Albert a London, da gidan adana fasahar Afirka na Smithsonian a Washington, da Jami'ar Aberystwyth a yankin Wales, kuma idan ɗaya ta fito kasuwar gwanjo a Turai, masu tara kayan fasaha kan yi rububinta.

Cibiyar Suleja kuwa ta sha fama da rashin kulawa a shekarun da suka biyo bayan rasuwarta, har aikin da aka san ta da shi ya ja baya ƙwarai. A Ushafa da Kwali da sauran garuruwan Gbagyi, mata na ci gaba da haƙo yumɓu da rani, suna gina randuna da tukwanen girki, suna ƙona su a fili da itace da ciyawa, suna kai wa kasuwa da bakin hanya, inda suke gasa da bokitin roba da tukunyar alminiyam.